Maguna na mutuwa a bayan layinmu: ko murar tsuntsaye na kama kyanwa?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dakta Hauwa in kina kusa ki taimaka. A bayan layinmu nan Rikkos a Jos akwai wani kango da mutane suka mayar juji. Maguna sun yi yawa a wurin, irin marasa gidan nan da ke kwana a kwata da ƙarƙashin motoci. Tun makon jiya ake tsintar gawarsu. Yau da safe yara suka kira ni na ga wata da ranta, tana ta juyawa a wuri ɗaya, miyau na zuba, idonta a buɗe amma ko ka kai hannu gabanta ba ta ƙiftawa. Kafin azahar ta mutu. Abin da ya ɗaga min hankali, akwai buhunan matattun kaji a jujin, farare irin na gidan gona, wani ya zo da dare ya yar. Magunan sun yayyaga buhunan. Ni kuma ina da 'yan kajin Hausa da agwagi a tsakar gida, kuma ta katanga magunan nan ke shigo mana. Shin murar tsuntsaye tana kama kyanwa?

Alhaji Sabo: Wa alaikumus salam. Hajiya kwantar da hankalinki, shinkafar ɓera ce. Wani ya sa wa ɓeraye, mage ta ci ɓeran, shi ke nan. Na tsufa cikin kiwon nan ban taɓa jin cutar kaji ta kama mage ba.

Idi 'Yan Kaji: Miyau na zuba kuma tana zagaye? Wannan haukan kare ne. A ja yara.

Sadiq: Alhaji Allah ya ƙara girma, tana kamawa fa. A watan Maris na 2024 a jihar Tekzas ta Amurka, wata gonar shanun madara tana da maguna kusan 24. Shanun suka kamu da H5N1, wato nau'in murar tsuntsaye mai zafi, aka ba magunan ɗanyar madarar, kusan rabinsu suka mutu cikin 'yan kwanaki. Kuma alamun irin waɗanda Hajiya ta faɗa ne, makanta da zagaye wuri ɗaya da tangaɗi.

Alhaji Sabo: Sadiq kenan. Mu muna Rikkos kai kana Amurka.

Maman Khalifa: Innalillahi. Khalifa ne fa ya ɗauko ta da kwali ya kawo ƙofar gida.

Dakta Hauwa: Salamu alaikum, ina hanya ne sai yanzu na zauna. Hajiya fara da wannan kafin mu shiga dogon bayani. Ya taɓa ta da hannu? Ta yakushe shi ko ta cije shi? Ki duba hannayensa da ƙafafunsa da kyau, yara suna ɓoyewa don tsoron faɗa. In akwai ko ɗan ƙarzane ne, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa kamar minti 15, a kai shi asibiti yau ɗin nan saboda maganar Idi. Haukan kare yana kama kyanwa, kuma in alamunsa suka fito a jikin mutum ba a cika tashi ba, allurar da ake yi da wuri ce ke ceto. In babu cizo babu yakushi, a wanke kayan da ya sa, ki sa masa ido har kwana 10. Zazzaɓi, tari, ciwon maƙogwaro ko jan ido, ki kai shi asibiti ki faɗa musu abin da ya taɓa. Kar ki ce mura ce kawai.

Maman Khalifa: Na duba Dakta, babu komai. Ya ce da sanda ya tura ta cikin kwalin.

Dakta Hauwa: Alhamdu lillahi. To ga amsar tambayarki: ƙwarai tana kamawa. Kuma Alhaji da Idi da Sadiq kowa na iya yin daidai, domin guba da haukan kare da murar tsuntsaye duk suna taɓa ƙwaƙwalwar kyanwa, da ido ba ka raba su. Gwaji kaɗai ke rabawa, kuma mu a Jos ba mu da uzuri, ga Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa nan Vom a bayan Bukuru, tun 1924 take, daga ko'ina a Najeriya can ake kawo samfuri. Amma buhunan matattun kajin nan su suka sa na fi karkata ga mura.

Alhaji, ba sabon abu ba ne. A 2004 a ƙasar Tailan wani gidan namun daji yana ciyar da damisoshinsa, irin manyan nan masu ratsi, da ɗanyun kaji. Cutar ta shiga, guda 147 suka tafi, wasu suka mutu da kansu wasu aka kashe. A 2004 ɗin dai masana a Rotadam ta ƙasar Holan suka gwada da gangan, suka ba maguna 'yan tsakin da suka kamu, magunan suka kamu, har suka sa wa wasu magunan da aka haɗa su ɗaki ɗaya. A 2006 aka tsinci matacciyar kyanwa a tsibirin Rugen na Jamus inda tsuntsayen ruwa ke ta mutuwa, gwaji ya nuna H5N1. A 2023 a ƙasar Folan aka gwada samfuri 47 na maguna, guda 29 suka nuna ita. A shekarar dai a Sol, babban birnin Koriya ta Kudu, wani gidan ajiye maguna marasa masu su ya rasa 38 cikin 40, a wani gidan kuma aka gano cutar cikin abincin da aka yi musu da ɗanyen naman agwagwa. Ku lura da hanyar, kusan duk ta baki ce. Kyanwa ta ci tsuntsun da ya kamu, ko ɗanyen namansa, ko kayan cikinsa.

Alhaji Sabo: To mun ji Dakta. Amma me ya sa mu a nan ba mu taɓa ji ba? Ai mun sha ta a 2006, mun sha ta a 2015.

Dakta Hauwa: Wa ke kai gawar magen juji gwaji, Alhaji? In kaji dubu suka faɗi kowa zai ji, dukiya ce. Kyanwar da ba ta da mai ita in ta mutu a kwata sai dai wari ya sanar.

Hassan Dilimi: Ni shawarata mai sauƙi ce. A samo guba a zuba a kan kifi a ajiye a jujin, gobe duk an huta. Dama magunan nan sun ishe mu, muzuru ya cinye min 'yan tsaki ba adadi.

Malam Auwal: Subhanallah. Malam Hassan ka ji tsoron Allah. Hadisi ingantacce ne, mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba, har ta mutu. Wannan guda ɗaya kenan. Kai kana maganar unguwa guda. Kuma wa ya kawo musu mushen? Su suka je gona suka ɗauko?

Hassan Dilimi: Malam ai an halatta kashe abin da ke cutarwa.

Malam Auwal: In cutarwar ta tabbata kuma babu wata hanya. A nan ko gwajin ba a yi ba, ga kuma hanya a fili, a kwashe mushen. Sannan gubar da ka zuba a juji, akuyar maƙwabci za ta ci, kajin Hajiya za su tsattsaga, almajiri zai iya ɗaukar kifin.

Dakta Hauwa: Na ƙara kan na Malam ta fuskar aiki. Ranar da ka kashe magunan unguwa ka yi wa ɓeraye buɗin ƙofa, kuma ɓera ya fi mage shiga ɗakin kaji da rumbun abincinsu, yana jan ƙazanta daga wannan gida zuwa wancan. Ga zazzaɓin Lasa da ke tashi daidai wannan lokaci na rani, ɓera ke kawo shi. Bayan haka juji in dai akwai abinci, wasu magunan za su zo daga wata unguwa cikin 'yan makonni. Ni a wurina mutuwar magunan nan ita ta tona cewa akwai gonar da kaji ke faɗuwa kuma mai ita ya yi shiru. Da ba su mutu ba, da ba mu sani ba.

Idi 'Yan Kaji: Gaskiya ne wannan. Kwanan nan ana kawo mana tsofaffin kajin ƙwai kasuwa da araha mai ban tsoro. In ka ga mai gona yana gaggawar sayarwa, bai ma tsaya ciniki ba, to akwai magana.

Alhaji Sabo: Idi kar ka fara. Ku ne ke saye ai.

Bari in faɗi abin da kowa ke tunani ya ƙi faɗa. Dakta kina cewa a sanar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 2015 na sanar da kaina, ba wanda ya kama ni. Aka zo da fararen kaya, aka kashe wanda ya kamu da wanda bai kamu ba, aka fasa ƙwai, aka ƙona abinci, aka rufe min gona. Diyyar da aka yi alkawari sai da na cire rai sannan wani abu ya fito, kuma bai kai ya mayar da rabin abin da na rasa ba. Bashin masu abinci na nan a wuyana, yaran da ke min aiki na sallame su. Maƙwabcina da ya yi shiru ya kwashe nasa da dare ya sayar, shi ya tashi da jari. To yau in kajin wani suka fara faɗuwa, wanne zai bi, ni ko maƙwabcina? Ba ina kare wanda ya zubar a Rikkos ba ne, abin da ya yi ƙazanta ce. Amma kar mu yi kamar ba mu san dalili ba.

Baba Gyang: Alhaji ya faɗi gaskiya. A farkon zuwanta 2006 naira 250 aka sa wa kowace kaza a matsayin diyya. Mutane da yawa da suka ji haka ba su sake buɗe baki ba.

Dakta Hauwa: Ban musa ko ɗaya ba Alhaji. Duk inda diyya ta yi jinkiri ko ta gaza, ɓoyewa ke biyo baya, wannan sananne ne ga duk mai aikin nan. Amma ka ƙarasa lissafin. Kajin da maƙwabcinka ya kwashe da dare, a wace mota suka tafi, kuma gonar wa motar ta shiga washegari ɗaukar ƙwai? Kiret ɗin kwali da ke yawo daga gona zuwa kasuwa ya dawo wata gona, buhunan abinci da ake sake amfani da su, kashin kaji da ake sayar wa masu dankali da kabeji a buhu, takalman yaran gona. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da cutar a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, karo na farko a duk Afirka, kafin watan ya ƙare tana Kano tana nan Filato. Ba tsuntsayen daji suka yi wannan saurin su kaɗai ba, har da mu.

Idi 'Yan Kaji: Ashe fargar Jaji muke ta yi tun daga Jajin.

Sadiq: Kuma ta kashe mutum a ƙasar nan. Wata mace 'yar shekara 22 a Legas, Janairun 2007. Tun daga 2003 mutanen da aka tabbatar sun kamu da H5N1 a duniya sun haura 900, kusan rabi sun mutu. Ni ina ganin annoba ta gaba daga nan za ta fito.

Hajiya Balaraba: Kai Sadiq, Allah ya sawwaƙe. Kar ka sa mutane su daina sayen ƙwai, kasuwar dama a kwance take.

Dakta Hauwa: Ƙanina lissafinka daidai ne, amma ka faɗe shi da ɗaya gefen. Mutum 900 cikin sama da shekara 20, a lokacin da ɗaruruwan miliyoyin kaji suka mutu kuma mutane ke fige su da hannu. Wato da ƙyar take kama mutum, kuma har yau ba ta iya yawo daga mutum zuwa mutum kamar murar da muka saba ba. Hajiya Balaraba, dafaffen ƙwai da dafaffen nama ba su da matsala, zafin digiri 70 a tsakiyar naman yana kashe ta. Haɗarin yana wurin mai yanka da mai figa da mai kwashe mushe.

Baba Gyang: Dakta ni tambayata kan aladu ce. Mu ta wajen Bukuru in kaza ta mutu a gona ba a yarwa, ana ba aladu ko karnuka. Wasu ma saye suke yi.

Dakta Hauwa: Baba, wallahi wannan ta fi maganar magunan tayar min da hankali. Bari in bayyana yadda abin yake. Ƙwayar murar nan, kayan gadonta ba dunƙule ɗaya ba ne, gutsure 8 ne. In iri biyu daban suka shiga jikin dabba ɗaya a lokaci ɗaya, wajen hayayyafa gutsatsarin na iya cuɗanya, sai wani sabon iri ya fito, kamar yadda bakanike ke haɗa mota ɗaya daga motoci biyu da suka yi haɗari, injin wannan, bodin waccan. Ita murar tsuntsaye tana da wurin da take maƙalewa a jikin tsuntsu, ta mutane kuma tana da nata a hancinmu da maƙogwaronmu, shi ya sa ba sa yawan tsallakawa. Alade yana da wuraren biyu. Yana ɗaukar ta tsuntsu, yana ɗaukar ta mutum. Murar da ta zagaye duniya a 2009, wadda ta fara bayyana a Meziko, da aka duba ta an samu gutsatsarin na aladu da na tsuntsaye da na mutane a haɗe.

Kuma ba labarin nesa ba ne. Masu bincike na Vom sun ɗauki samfuri daga aladun da ake yankawa a nan Jos lokacin ɓarkewar 2015 zuwa 2016, suka samu H5N1 a jikin wasu, alhali aladun a ido lafiyarsu ƙalau. A 2018 aka buga sakamakon. Alade ba zai faɗi ya mutu ya sanar da kai ba kamar kyanwa. Don haka Baba, mushen kaza kar ya shiga gidan aladu, ko an dafa ko ba a dafa ba, domin mai dafawar ma sai ya taɓa.

Baba Gyang: To. Zan faɗa a taronmu ranar Lahadi bayan sujada. Amma abinci ya yi tsada 'yata, shi ke sa mutane.

Hassan Dilimi: Masu tarwaɗa fa? Su ma da mushen kaji suke ciyarwa.

Dakta Hauwa: Kifin ba ya kamuwa, amma ruwan tafkin ya gurɓace, kuma ƙwayar tana daɗewa a ruwa mai sanyi da cikin kashi mai laima. Sanyin Jos na hunturu gata ne a wurinta. A zubar da ruwan ya bi kwata, agwagi su sha.

Jibrin Bello: Salamu alaikum. Na ga an ambaci shanu da madara a sama, kar gobe a ce nonon Fulani ne ke kawo cuta, mun san yadda magana ke juyawa a garin nan. Matanmu da tallan nono suke riƙe gida.

Dakta Hauwa: Malam Jibrin ka yi daidai da ka tayar. Abin da Sadiq ya kawo a Amurka ya faru, a manyan gonakin da ake tatsar ɗaruruwan shanu da inji ɗaya, injin na ɗaukar cutar daga hantsar wannan zuwa ta waccan. Ba wanda ya ce shanun rugarku na da ita. Abin da zan ce dai shi ne wanda nake faɗa tun kafin wannan, a tafasa madara kafin a sha ko a kwantar, saboda bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, da tarin fuka. Kindirmon da aka tafasa madararsa ba ruwansa. In kuma saniya ta rage nono farat ɗaya, ya yi kauri ya koma rawaya, kar a ba yara, kar a ba maguna, a kira likita.

Jibrin Bello: Madalla. Mu abin da muka gani da idonmu na jakuna ne. Wajen 2019 'yan'uwanmu ta Sakkwato da Nijar sun yi asarar jakuna sosai, tari da majina. Ita ma wannan ce?

Dakta Hauwa: Danginta ce, amma ta dawaki, H3N8. Daga ƙarshen 2018 ta shiga 2019 ta bi jakuna a Sakkwato da Nijar har Senegal. Ka ga irin wannan ɗin ce a Amurka ta tsallaka daga dawaki zuwa karnukan tsere a Fulorida, aka gano a 2004, ta zauna ta zama murar karnuka. Wata kuma, H3N2, daga tsuntsaye ta shiga karnuka a Asiya, ta isa Shikago a 2015, daga baya aka same ta a maguna. Dangin nan haka suke, suna ta gwada ƙofofi. Asalin gidansu agwagin daji da sauran tsuntsayen ruwa ne, irin waɗanda ke sauka a fadamar Haɗeja da Nguru duk hunturu daga Turai. Hajiya Maman Khalifa, shi ya sa agwaginki suka fi ba ni tunani, agwagwa na iya ɗauke da ita tana yawonta, kaji na mutuwa a gefenta.

Sadiq: Anti Dakta, ba ki faɗi na Niyu Yok ba.

Dakta Hauwa: Faɗa mana kai, na gaji da rubutu.

Sadiq: Disambar 2016 ne. A gidajen da ake tara magunan titi a birnin, wata mura ta bi su, maguna wajen 500 suka kamu. Da aka gwada sai aka ga H7N2 ce, irin ta tsuntsaye, mai kama da wadda aka taɓa gani a kasuwannin kaji masu rai na yankin shekaru da dama kafin nan. Yawancin magunan sun warke, ba mai zafi ba ce kamar H5N1. Amma wani likitan dabbobi da ke ɗaukar samfuri daga jikinsu ya kamu, ya yi 'yar rashin lafiya ya warke. Wato daga tsuntsu zuwa kyanwa, daga kyanwa zuwa kyanwa, daga kyanwa zuwa mutum.

Dakta Hauwa: Yauwa. Abu ne mai wuyar faruwa, amma ya faru. Kuma ta kan bi ta ɗaya hanyar, a 2009 an samu kyanwar gida a Amurka da ta ɗauki mura daga masu ita.

Hajiya Balaraba: To ni ina da kyanwa a gida, jikokina da ita suke kwana. Tana yawan atishawa da kwantsa. In rabu da ita?

Dakta Hauwa: A'a Hajiya. Atishawa da kwantsa a maguna yawanci wasu ƙwayoyin cuta ne nasu na kansu, ba sa kama mutum, har rigakafinsu akwai. Wadda muke tsoro tana zuwa da zafi, kyanwa ta ƙi abinci, ta kwanta, numfashi ya yi wuya, sai tangaɗi ko farfaɗiya, cikin kwana kaɗan. Ki hana ta fita a 'yan makonnin nan, kar ta bi ki ɗakin kaji, kuma in kin yanka kaza ki daina jefa mata ɗanyen kai da hanji. Ki tafasa mata.

Idi 'Yan Kaji: To a nan ne gizo ke saƙa. Ku zo kasuwa da yamma ku ga inda muke zubar da hanji da gashi da ruwan figa. Maguna da karnuka da angulu layi suke yi. In abin da Dakta ta faɗa haka yake, ba sai an kai buhu Rikkos ba, kullum muna raba musu. Kuma yaran da ke figar nan ba safar hannu ba takunkumi, wani da yanka a yatsa yake aiki.

Maman Khalifa: Dakta yanzu buhunan da gawar magen fa? Maigidan ya dawo, yana cewa a sa yara su ƙona da taya.

Dakta Hauwa: Kar yara su je kusa. Taya ba ta cinye mushe, sai ta babbake sama ta bar ciki, karnuka su ja. Ya sa safar hannu ko leda biyu a kowane hannu, da takunkumi, ya tura gawar magen da shebur cikin leda, a ninka, a ɗaure, a ajiye a inuwa nesa da kaji da kicin. Kar a sa a firij ɗin abinci. Buhunan a kife musu tsohon baho ko kwano a ɗora dutse zuwa safiya. Ku gaya wa mai unguwa. Zan kira ofishin likitan dabbobi na jiha, su ke da hurumin ɗaukar samfuri su kai Vom. Bayan sun ɗauka sai rami mai zurfi, ya kai tsayin mutum, nesa da rijiya, a zuba farar ƙasa a kai a rufe. Kajinki ki kulle su yau, agwagi daban, abinci da ruwa a ciki. In kin ga wata ta kumbura kai, zankonta ya yi baƙi-baƙi, ko ta faɗi haka kawai, kar ki ce bari a yi sauri a yanka kafin ta mutu.

Malam Auwal: Wannan ta ƙarshen a maimaita ta. Yanka yana halatta nama, ba ya cire cuta. Kuma sayar da abin da ka san yana da aibi ba tare da ka bayyana ba algus ne, ko kaza ce ko mota.

Alhaji Sabo: Malam wannan da ni kake ko da Idi?

Malam Auwal: Da wanda ya tsargu, Alhaji.

Alhaji Sabo: To ni har yanzu ina kan bakana, shinkafar ɓera ce, sai na ga takardar Vom. Amma ina da buhun farar ƙasa a gona, Hajiya ki turo maigidan ya karɓa gobe da sassafe. Shi kuma wanda ya zubar, na san yana cikin zauren nan yana karantawa, domin masu fararen kaji a ɓangaren nan ba mu da yawa. Ba sai ka yi magana a nan ba. Ka kira Dakta a gefe, kuma ka hana motar ƙwai shiga gonarka.

Idi 'Yan Kaji: Alhaji tunda hannunka ya buɗe, mu ma a kasuwa rami muke buƙata mai murfi, da ganga biyu na zuba hanji. Kajinku ne muke figa.

Alhaji Sabo: Kuɗin figa da kuke karɓa a kan kowace kaza ina yake zuwa? Ku haƙa raminku, mu kawo ganga.

Idi 'Yan Kaji: Wurin dutse ne Alhaji, sai an ɗauko masu fasa dutse. Zan tambayo kuɗin aikin in kawo zaman Asabar, a raba biyu.

Alhaji Sabo: A raba uku. Masu suya ma a nan suke saye.